Rauni Ya Warke Amma Yatsu Na Ci da Wuta: Me Ya Haɗa Kalsiyam da Jijiyar da Aka Yanke?

"Assalamu alaikum likita. Ƙanena kafinta ne. Wata takwas ke nan da kwanon rufi ya yanke shi a wuyan hannu, aka ɗinke wurin, ya warke sumul. Amma har yau babban yatsansa da manuni da na tsakiya a sage suke, ko allura aka soka masa ba ya ji, kuma duk da haka yana cewa suna ci da wuta, musamman da dare. Gefen tafin hannun kuwa, ko hannun riga ya goge shi sai ya yi ƙara. Likita ya rubuta masa pregabalin, ya ce maganin yana aiki ne a kan ƙofofin kalsiyam na jijiya. A kemis kuma aka ce mana ƙarancin kalsiyam ne, aka sayar mana da ƙwayoyinsa. To wanne ne gaskiya, kalsiyam ya yi masa yawa ne ko ya yi kaɗan? Mahaifiyarmu tana shan amlodipine na hawan jini, an ce shi ma toshe kalsiyam yake yi. Ko zai yi masa amfani?"

Wa alaikumus salam malam. Allah ya ba ƙanen naka lafiya, kai kuma ya saka maka bisa tsayuwar da ka yi masa. Idan na fahimce ka daidai, abin da ya ɗaure maka kai shi ne mutum biyu sun ambaci kalsiyam, ɗaya ya ba da maganin da zai rage shigarsa, ɗaya ya ba da na ƙara shi, ga kuma yatsu da ba sa jin allura amma suna jin wuta. Ni likitan sa barci ne a ɗakin tiyata, kuma ina duba masu fama da ciwo mai daɗewa, don haka irin wannan hannun ba baƙo ba ne a wurina. Amsar a taƙaice ita ce: a cikin ƙwayar jijiya guda ɗaya, akwai wurin da kalsiyam ya ragu, akwai wurin da shigarsa ta ƙaru, kuma duka biyun suna hura wutar ciwon. Babu ɗayansu da ya shafi kalsiyam na jini ko na ƙashi, wanda shi ne ƙwayar kemis take ƙarawa. Amma sai na ɗan yi nisa kafin wannan ya zauna maka.

Bari in fara gyara wata kalma. Mu Hausawa jijiya muke ce wa hanyar jini, jijiya muke ce wa agarar da ke jan yatsa, jijiya kuma muke ce wa farin zaren da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Wannan na ukun nake nufi a duk bayanin nan. Kuma yatsun da ka lissafa, babba da manuni da na tsakiya, su ne yankin jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu. Da ta gefen ce ta taɓu, da ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ne za su sage.

Zare da uwarsa

Jijiyar saƙo kamar igiya ce da aka tufka da zare dubbai. Kowane zare hannu ne mai tsawo na wata ƙwayar halitta mai rai. Gangar jikin wannan ƙwaya, wadda zan riƙa kira uwar zare, ba a hannu take ba. Tana can cikin wani ɗan ƙulli a gefen ƙashin wuya, dab da inda jijiyar ke shiga laka. Daga jikinta kara ɗaya ne ya fito, sai ya rabu biyu kamar gwafa: reshe ɗaya ya gangara har fatar yatsa, ɗaya ya shiga lakar ƙashin baya inda yake miƙa saƙo ga ƙwaya ta gaba. Ke nan kwanon da ya yanki ƙanenka a wuyan hannu ya taɓa ƙwayoyin da uwayensu ke zaune a wuyansa. Ka riƙe wurare ukun nan, domin labarin kalsiyam ya bambanta a kowannensu: wurin yanka, uwar zare, da bakin zaren da ke cikin laka.

Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori. Ɗan abin da ya rage a jini, wasu ƙananan halittu huɗu da ke maƙale a bayan ƙululun maƙogwaro ne ke tsare da ma'auninsa, tare da ƙoda da hanji, ba sa barin ya yi sama ko ƙasa sosai. Amma abin mamakin yana cikin ƙwayar halitta. A ruwan da ke cikinta, kalsiyam mai yawo bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda ke wajenta ba. Idan a waje akwai mudu dubu goma, a ciki mudu ɗaya ne ko ƙasa da haka. Ƙwayar tana kashe ƙarfi mai yawa dare da rana don ta riƙe wannan tazara, saboda dalili biyu. Na farko, idan kalsiyam ya taru a ciki yana tayar da wasu furotin masu yanka, su cinye ƙwayar daga ciki. Na biyu, ƙarancinsa ne ya mayar da shi saƙo. A garin da ya yi tsit da tsakar dare, ko tari aka yi sai an ji. Haka ɗan kalsiyam kaɗan da ya shigo yake zama umarni.

An fara gane muhimmancinsa ne a Landan a 1883, lokacin da Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo da aka cire tana ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, amma tana tsayawa idan an haɗa shi da tataccen ruwa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfon ne sirrin.

Ƙwayar jijiya tana da kayan aiki da yawa na sarrafa shi. A jikin tantanin da ya lulluɓe ta akwai ƙofofi da ke buɗewa idan saƙon lantarki ya zo wucewa. Iri-iri ne, an sa musu haruffa: L, N, P/Q, R da T. Akwai wasu ƙofofin da zafi ko yaji ke buɗewa, kamar TRPV1 da David Julius ya gano a 1997, wadda ke buɗewa idan zafi ya kai kimanin digiri 43, ko idan sinadarin barkono ya taɓa ta. A cikin ƙwayar akwai rumbu, wato wani tsari na jakunkuna da ake tara kalsiyam a ciki, da famfo mai suna SERCA da ke cika shi. Akwai wani famfon, PMCA, da ke fitar da shi waje gaba ɗaya. Akwai mitokondiriya, injinan samar da ƙarfi, waɗanda ke shanye rarar kalsiyam idan ya yi ambaliya, su sake shi a hankali daga baya. Idan kuma rumbu ya yi ƙasa, akwai furotin mai suna STIM1 da ke ji, ya je ya buɗe wata ƙofa ta musamman mai suna Orai1 don a sake cikawa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a amsar nan. Kalsiyam yana yin aiki biyu masu kama da kishiyoyi. A bakin zaren da ke cikin laka, shi ne ke sa a saki sinadaran da ke kai saƙon ciwo ga ƙwaya ta gaba, kamar gulutamet. Bernard Katz da Ricardo Miledi ne suka tabbatar a shekarun 1960 cewa ba a sakin irin wannan saƙo sai kalsiyam ya shiga. A nan, ƙarin kalsiyam ƙarin ciwo ne. Amma a jikin uwar zare, shi ne linzami. Duk lokacin da saƙo ɗaya ya wuce, kalsiyam ɗin da ya shigo yana buɗe wasu ƙofofin fotasiyam, fotasiyam ya fita, ƙarfin lantarkin ƙwayar ya faɗi ƙasa da inda yake a da, sai ta ɗan huta kafin ta iya sake harbawa. A nan, ragin kalsiyam sakin linzami ne.

Ranar da kwano ya yanke shi

A daƙiƙar da zare ya tsinke, bakinsa a buɗe yake, ga kuma mudu dubu goma a waje. Kalsiyam yana kwarara ciki. Wannan ambaliya ba sharri ce zalla ba. Ita ce ke sa ƙananan jakunkuna su taru a bakin yankan su liƙe shi, kuma idan aka yanke zare a ruwan da babu kalsiyam, ba ya rufuwa yadda ya kamata. Ita ce kuma ke tayar da kalfen, ɗaya daga cikin furotin masu yanka, ya sassaƙe bakin zaren don ya zama kan tsiro. Daga nan wata igiyar kalsiyam tana bin zaren ta koma har wurin uwa, ta zama labarin farko da ya isa gare ta cewa an yi ɓarna. Ɗakin binciken Valeria Cavalli a Amurka ya nuna a 2013 cewa wannan igiya tana sa wani furotin ya fice daga cibiyar ƙwayar, hakan ya buɗe umarnin gado na sake tsiro.

Guntun da ya rabu da uwarsa kuwa, wato daga wuyan hannu zuwa yatsa, yana ɗan jimawa kamar ba abin da ya same shi, sai cikin 'yan kwanaki ya ruguje. Augustus Waller ne ya bayyana wannan a 1850, a jijiyoyin harshen kwaɗo. Yau mun san cewa ba yunwa kawai ke kashe shi ba, akwai furotin mai suna SARM1 da ke ƙone makamashinsa, famfunan su tsaya, kalsiyam ya sake cika shi a karo na biyu, ya farfashe. Sai jiki ya share tarkacen, ya bar bututun fanko yana jiran sabon tsiro, wanda ke tafiya kimanin milimita 1 a rana idan ya sami hanya. Sagewar yatsun ƙanenka daga nan take: babu zaren da ke haɗa fatar da laka.

To ina wutar take fitowa? Ƙwaƙwalwa ba ta san inda saƙo ya taso ba, layin da ya biyo kawai ta sani. Idan zaren manuni ya harba daga wuyan hannu, ko daga uwarsa a wuya, ƙwaƙwalwa za ta ce manuni ne ke ciwo. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell ya rubuta labarin irin wannan ƙuna a 1864, a kan sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya a yaƙin basasar ƙasar, har wasu suna yawo da hannu naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. A 1974 Patrick Wall da Michael Gutnick suka nuna cewa kan jijiyar da aka yanke yana harba saƙo shi kaɗai ba tare da an taɓa shi ba, daga baya kuma aka ga uwayen zaren ma suna yi.

Inda ya ragu

Mafi yawan abin da muka sani game da cikin uwar zare daga beraye ne. A 1992 Sun Ho Kim da Jin Mo Chung a Teksas suka fito da wata hanya: a ɗaure jijiyar ƙugun bera ɗaya ko biyu tamau, a bar ta kusa da su lafiya. Beran sai ya riƙa janye ƙafa daga taɓawar da a da ba ya ko kula ta. Amfanin wannan hanya shi ne ƙwayoyin da aka yanke suna ƙulli ɗaya, maƙwabtansu da ba a yanke ba suna wani ƙullin, don haka ana iya auna kowane daban. Ana aunawa da wani rini mai suna fura-2, wanda Roger Tsien da abokan aikinsa suka haɗa a 1985, wanda haskensa ke canzawa gwargwadon kalsiyam ɗin da ya kama, da kuma siririn bututun gilashi da ake mannawa a jikin ƙwaya a ji lantarkin da ke ratsa ƙofofinta, dabarar da ta sa Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka sami kyautar Nobel a 1991.

Kowa ya zaci za a tarar kalsiyam ya yi yawa. Quinn Hogan, wanda shi ma likitan sa barci ne a jihar Wiskonsin, shi da tawagarsa sun shafe fiye da shekara goma suna wannan awo tun daga 2000, kuma akasin haka suka riƙa samu a ƙwayoyin da aka yanke. Kalsiyam ɗin da ke shiga ta manyan ƙofofin lantarki ya ragu. Wanda ke cikin ƙwayar a lokacin hutu ya ragu. Rumbun ya yi ƙasa, har jakunkunan nasa sun ragu. Famfon SERCA mai cika rumbu ya yi sanyi, shi kuwa PMCA mai fitarwa waje ya ƙara ƙarfi. Mitokondiriya ba sa riƙe abin da suka saba riƙewa. Shigar kalsiyam da ta ƙaru kaɗai ita ce ta ƙofar nan ta cika rumbu, wanda alama ce ta ƙwayar da ke ta ƙoƙarin cika abin da ke yoyo.

Ka tuna linzami. Kalsiyam kaɗan ya shigo, ƙofofin fotasiyam kaɗan suka buɗe, hutun da ke bayan kowane saƙo ya gajarta. Ƙwayar da a da za ta harba sau ɗaya ta yi shiru, yanzu sai ta jero su. Sun gwada wannan kai tsaye: da suka toshe shigar kalsiyam a lafiyayyar ƙwaya sai ta fara halin wadda aka yanke, da suka ƙara shigarsa a wadda aka yanke sai ta ɗan lafa. Har ila yau, mahaɗar gwafar nan, inda kara ya rabu biyu, tana aiki kamar rariya. Idan saƙonni suka zo a jere da sauri fiye da kima, wasu ba sa tsallakewa zuwa laka. Wannan tacewa ma ta dogara da kalsiyam, kuma sun ga ta yi rauni a siraran zaruruwa masu ɗaukar ciwo bayan an ji wa jijiya rauni. Ni a ganina wannan shi ne ɓangaren labarin da aka fi mantawa da shi, har a azuzuwan likitanci, domin hankali ya fi saurin karɓar cewa yawan abu ne ke kawo cuta.

Inda ya ƙaru

A daidai lokacin da uwar zare ke fama da rashi, tana kuma ƙera wani furotin da yawan gaske, mai suna alfa-2-delta-1. Shi ba ƙofa ba ne, ɗan rakiyar ƙofa ne. Aikinsa ya ɗauko ƙofofin kalsiyam daga inda aka ƙera su ya kai su jikin tantani ya zaunar da su. A 2001 aka nuna cewa yana ninkuwa sosai a ƙullin jijiyar da aka ji wa rauni, kuma ƙaruwarsa tana tafiya tare da lokacin da beran ke ƙin taɓawa. Annette Dolphin da tawagarta a Landan suka nuna a 2009 cewa ana tura shi ta reshen da ya shiga laka, ya je ya taru a bakin zaren. A can ƙofofin nau'in N ne suka fi aiki. Sakamakon shi ne kowane saƙo da ya iso, sinadarin da yake saki ya fi na da.

Ka haɗa biyun: a uwar zare an saki linzami, saƙonni suna zuwa ba ƙaƙƙautawa, a laka kuma an ƙara wa kowane saƙo amo. Ƙwayar laka da ke karɓa ita ma tana da tata ƙofar kalsiyam, mai suna NMDA, wadda a kullum magnisiyam ke toshe ta kamar marfi. Idan aka dame ta da saƙo ba hutu, marfin yana fita, kalsiyam ya shiga, ya canza ta ta zama mai saurin firgita. Clifford Woolf ne ya fara nuna wannan canji na laka a 1983. Idan ya faru, saƙon taɓawa mai laushi, wanda ya biyo lafiyayyen zare, yana iya faɗawa hanyar ciwo. Hannun rigar da ke sa ƙanenka ƙara ke nan. Ba raki ba ne, kuma ina roƙon ku a gida kada a ce masa raki yake yi. Na ga magidanta da wannan kalma ta fi ciwon yi musu zafi.

Akwai kuma maƙwabta. Zaruruwan da kwanon bai taɓa ba, waɗanda ke kula da gefen yankin da ya sage, suna kwance cikin tarkace da kumburin waɗanda suka ruguje, suna kuma samun rarar abincin tsiro da fata ke fitarwa tun da masu cin sun ragu. Wannan yana sa su ƙara yawan ƙofofi irin su TRPV1. Shi ya sa sau da yawa tsakiyar wurin a mace yake, bakin iyakarsa kuma ba ya taɓuwa.

Dole in faɗa maka iyakar wannan ilimi. Da wuya ake samun ƙullin jijiya mai rai daga jikin mutum don a auna, don haka abin da na bayyana hoton bera ne, kuma sau da yawa maganin da ya yi aiki a bera ya gaza a mutum. Masu binciken ma sun saɓa a kan wasu abubuwa. Ƙofofin nau'in T, alal misali, wasu sun ga sun ragu bayan rauni, wasu sun ga sun ƙaru, gwargwadon irin raunin da irin ƙwayar da aka duba. A ciwon suga kuwa, wanda shi ne ya fi kawo mana masu ƙunar tafin ƙafa, binciken dabbobi ya fi nuna kalsiyam yana taruwa a cikin ƙwayar yana jinkirin fita, wato ba irin na yanka ba. Kuma kalsiyam ba shi kaɗai ke cikin maganar ba, ƙofofin sodiyam da na fotasiyam su ma suna canzawa ƙwarai.

Magungunan da ka ambata

Pregabalin, da yayansa gabapentin, ba sa toshe ƙofar kalsiyam kamar yadda ake toshe kwalba. A 1996 aka gano cewa gabapentin yana manne wa alfa-2-delta ne, wato ɗan rakiya. Abin da suke yi shi ne rage kai sababbin ƙofofi bakin zaren da ke cikin laka. Shi ya sa ba sa aiki kamar farasitamol, a sha yanzu a ji sauƙi an jima. Sai an ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, ana ƙara awo a hankali. Bayanin likitanku daidai ne.

Amma kada a ɗora masa burin da ba zai iya ɗauka ba. Babban nazarin da aka tattara a 2015 ya nuna cewa sai an ba mutum bakwai zuwa takwas kafin a sami ɗaya da ciwonsa ya ragu sosai saboda maganin kansa, kuma hujjar amfaninsa a ciwon da ya biyo bayan yanka ta fi ta ciwon suga rauni. A aikina, idan mutum ya kai awon da ya dace na wasu makonni bai ga canji a barcinsa ko a aikinsa ba, ba na barinsa ya yi ta sha. Ina sauke shi a hankali in gwada amitriptyline ko duloxetine, waɗanda ke bi ta wata hanyar daban, su ƙarfafa saƙon da ƙwaƙwalwa ke turowa ƙasa don danne ciwo. Pregabalin yana sa jiri da barci, ga shi ƙanenka mai hawa rufi ne, mai riƙe zarto. Kada ya hau sama ko ya tuƙa babur har sai ya san yadda maganin ke yi masa. Kada ya daina shi farat ɗaya. Kada ko kusa ya haɗa shi da tramadol ko kodin ba da sanin likita ba, domin haɗin yana iya danne numfashi. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka mai ciwon ƙoda sai an rage masa. Kuma magani ne da jiki ke iya sabawa da shi, wanda ya sa Birtaniya ta tsaurara dokar sayar da shi a 2019.

Amlodipine na Hajiya a bar mata abinta. Ƙofofin nau'in L yake toshewa, waɗanda suka fi yawa a naman bangon hanyoyin jini, shi ya sa yake sauke hawan jini. Ba su ne ke sakin saƙon ciwo a laka ba. Idan ƙanenka ya sha, abin da zai samu shi ne jiri da kumburin ƙafa.

Akwai maganin da ke toshe nau'in N kai tsaye, kuma asalinsa abin al'ajabi ne. Daga dafin wani dodon koɗi na teku aka samo shi, ta hanyar binciken Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin da ke aiki a Amurka. Sunansa ziconotide, an amince da shi a 2004. Yana aiki, amma sai an zuba shi cikin ruwan laka ta wani ɗan famfo da ake dasawa, kuma yana iya rikita tunani, domin ƙwaƙwalwa ma da irin waɗannan ƙofofi take aiki. Na kawo shi ne don ka ga dalilin da ya sa ba a yi wa kalsiyam toshewar gaba ɗaya. Akwai kuma akasinsa: filasta mai sinadarin barkono kashi 8 cikin 100, da ake mannawa a asibiti. Ita buɗe TRPV1 take yi har kalsiyam ya yi wa ƙananan bakunan zaren da ke fata yawa, su janye na wasu watanni. Wannan aikin asibiti ne, ba a kwaikwayonsa da dakakken barkono a gida.

Ƙwayar kalsiyam ta kemis ba za ta kai ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba. Ko ya shanye kwalba guda, jiki zai riƙe ma'aunin jini inda yake, ya zubar da saura. Kuma ai ƙwayar jijiyar ba rasa kalsiyam ta yi a waje ba, mudu dubu goma na nan a bakin ƙofarta. Ƙofofi da famfuna ne suka canza. Gaskiya ne ƙarancin kalsiyam a jini yana kawo jin kamar kiyashi na tafiya, amma a kewayen baki da yatsun hannu biyu da na ƙafa, tare da murɗewar nama, ba a yatsu uku na hannun da aka yanka ba. Ƙwayoyin kemis ɗin ba sa karya aikin pregabalin, sai dai asarar kuɗi ne, kuma yawan shansu na kawo taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda. Idan ba gwajin jini ne ya nuna buƙata ba, a ajiye su.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka

Ka ce an ɗinke wurin. Fata aka ɗinke, ko jijiyar ma an haɗa ta? Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kawo mini mutumin da aka ɗinke wa wuyan hannu cikin gaggawa don tsayar da jini, ba a duba abin da ke ƙarƙashi ba, sai bayan watanni aka buɗe aka tarar bakin jijiyar biyu sun yi nesa da juna, na sama ya dunƙule ya zama ƙulli. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa bai kai santimita 20 ba. Da an haɗa ta tun farko, a wata takwas ya kamata a ce ji ya fara dawowa, ko da a gindin yatsun ne. Rashin jin allura gaba ɗaya har yanzu yana sa ni zargin cewa tsiron bai sami hanya ba. Ba zan iya yanke hukunci ba tare da na riƙe hannun ba, amma wannan zargi ya isa ya tashe ku.

Wannan yana da alaƙa da duk abin da na faɗa a sama. Uwar zare tana samun saƙon abincin tsiro daga fatar da take yi wa aiki, kuma yankewar wannan saƙo na cikin abin da ke sa ta sauya ƙofofinta. Idan zaren ya koma ya isa fata, da yawa daga cikin canje-canjen suna lafawa. Pregabalin rage amo yake yi, ba ya haɗa jijiya. Akwai kuma ƙaramin naman da ke gindin babban yatsa, wanda wannan jijiya ke motsawa, wanda shi ke ba kafinta damar riƙe ƙusa. Naman da ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba jijiya, da wuya ya farfaɗo ko an haɗa daga baya. Ku duba ko tudun nan ya fara lotsawa idan an gwada shi da na ɗaya hannun.

Ga gwajin da za ka iya yi yau. Ka ɗan ƙwanƙwasa da kan yatsanka a hankali, ka faro daga kan manuni ka gangaro ta tafin hannu zuwa tabon. Inda ya ji kamar wuta ta ja shi zuwa yatsu, nan ne kan tsiron yake. Idan a tafi ne ko a yatsa, jijiyar tana tafiya, sai ka sa alama ka sake gwadawa bayan wata guda. Idan a kan tabon kaɗai yake ji, ba ta motsa ba. Ko wanne ka samu, ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi, wurin likitan tiyatar hannu, cikin makon nan ko na gaba. A can za a iya auna gudun saƙo a jijiyar, a duba ta da na'urar hoto, a yanke shawarar buɗewa, a cire ƙullin, a haɗa ko a yi mata gada da wata jijiyar da aka ɗauko daga ƙafa.

Kafin nan, ya kiyaye yatsun da ba sa ji daga kofin shayi, garwashi da bakin kayan aiki, ya riƙa duba su da ido kowane dare. Gefen da ba ya taɓuwa kuma kada ya ɓoye shi cikin ƙyalle kullum, domin ɓoyewa ƙara masa firgita take yi. Masu gashin ƙashi na asibiti suna koyar da shafa shi da auduga na 'yan mintuna sau da yawa a rana, in ya saba a koma tawul, daga baya ya riƙa tsoma hannun cikin kwanon gero ko shinkafa yana juyawa. Idan kun je wurin likitan, ku tafi da katin asibitin farko da duk magungunan da yake sha, har da na kemis ɗin.